Darasi na Bakwai

Shekara ashirin da shida ina riƙe da makullin ɗakin karatun nan,
a tsibirin Lemuy, inda ruwan sama ba baƙo ba ne, mai gida ne.
Sunana Eduvina.
Na san kowane littafi da ƙamshinsa,
na san wanda ya ara bai maido ba tun gashina yana baƙi.
Na ɗauka na gama sani.

Jikata Maite ce ta ce, "Kaka, akwai karatu a intanet,
na masu irin aikinki, ba ko sisi."
Na ce mata araha ba ta ado.
Ta yi dariya, ta rubuta sunana,
ta ruga ta kama jirgin ruwan yamma.

Daren Talata na rufe ƙofa, na ƙara itace a murhu,
na zauna gaban kwamfuta kamar 'yar aji ɗaya,
tabarau a kan karan hanci.
Fuskoki suka leƙo ta ƙananan tagogi:
wani saurayi a Oruro, hular ulu har kunne,
wata mata a Iquitos tana korar sauro da katin aro,
sai malama Ximena, wadda autata ma ta girme ta.

In iska ta taso daga teku sai hoton ya sandare,
bakinta a buɗe, kalma ta maƙale a tsakiya.
Nakan jira.
Mu nan jira ba ya ba mu tsoro,
mun jira jirgi, mun jira wasiƙa, mun jira rana.

Darasi na uku ya sa mini ciwon kai.
Na huɗu, gyangyaɗi ya ci rabinsa.
A na bakwai ta ce,
"In littafi ya jiƙe, kada a kai shi gaban wuta,
kada a ɓamɓare shafukansa.
A naɗe shi, a sa shi ya daskare
kafin funfuna ta riga ku."
Sai na tuna waɗanda na gasa a bakin murhu
da hannuna, da kyakkyawar niyya,
suka kumbura, suka lanƙwashe kamar busasshen kifi.
Na kashe kyamara don kada a ga fuskata.

Cikin Yuni guguwa ta yaye kwano biyu daga rufi.
Da sassafe na tarar ruwa na zuba kan kantar tarihi,
har da tsohuwar rajistar masu kwalekwale,
rubutun hannu, sunayen kakanninmu suna shirin narkewa.

Ban tsaya kuka ba. Na jawo baro.
Na buga ƙofar Baldomero mai kifi.
"Ara mini firizarka."
"Me za ki sa?"
"Littafi arba'in da ɗaya."
Ya dube ni, ya dubi baron, ya sosa ƙeya,
ya ture kifinsa gefe.

Mako uku suka kwana tsakanin kifi da ƙaguwa.
Ɗaya-ɗaya nake ciro su,
farar takarda tsakanin shafi da shafi,
fanka tana juyi a hankali kamar mai jinya.
Talatin da takwas suka tashi.
Uku sun tafi, na san sunayensu.
A shafi na sittin na rajistar
Baldomero ya ci karo da sunan kakansa.
Ya ɗora yatsa a kai,
ya daɗe bai ce uffan ba.

Takardar shaida ta iso ta imel.
Tawada ta ƙare a injin, rabin sunana ne ya fito,
haka na liƙa ta bayan ƙofa, kusa da kalanda.

Har yau wanda ya buɗe tarihin tsibirin nan
ƙarnin kifi ne ke fara gaishe shi.
Yara na toshe hanci, ni kuwa ban ba kowa haƙuri ba.

Talata mai zuwa za a fara wani,
kan ɗaukar hoton tsofaffin takardu.
Na riga na rubuta sunana,
da kaina wannan karon,
bayan kuskure uku.